Gwangwanin Kawu a Hanyar Ankara

Mun tashi da asuba daga unguwar Asawase ta Kumasi, ni da Kawu, da wani gwangwani mai faɗin faifai a kan cinyarsa. Shekara ashirin yana haska majigi a Kumasi, amma ba shi da takardar zama, kuma an ce baƙi su bar Gana. A gwangwanin akwai fim ɗin wani Bafaranshe, tun zamanin da majigi bai fara magana ba. Maigidansa ne ya bar masa. Yana so ya damƙa wa Faransawan Ankara su adana kafin ya tafi. Ni an ɗauke ni don ina jin Turanci.

Daga Konongo muka fara wuce manyan motoci cike da mutanenmu, turame da kekunan ɗinki ɗaure a sama. Duk inda muka tsaya, Kawu sai ya yayyafa ruwa a buhun da ya naɗe gwangwanin. Irin wannan fim yana kamawa da wuta in ya ji zafi, shi ya sa yake ajiye shi cikin ganye da danshi, yadda ake ajiye goro a gidanmu.

A Nsawam wata mai burodi ta leƙo taga. "Alhaji, goron nan na sayarwa ne?"

"Ya fi ƙarfin haƙorinki, Maame."

A ofishin Faransawan a Ankara, magatakarda ya buɗe murfin, wari ya tashi. Fim ɗin ya manne ya zama curi guda. Tsawon kamu ɗaya ne kawai ya warware. Na ɗaga shi wajen taga: kowane hoto bai wuce farcen babban yatsana ba. Mace ce mai fukafukai, an shafa wa rigarta ja da hannu, hoto bayan hoto. A wani hoton, launin ya ɗan zarce layi. Magatakardan ya yi dogon bayani da Turanci, ya ce ko guntun za su karɓa.

"Me ya ce, 'yar gidana?"

Na dubi ƙasa. "Ya ce ruwan ne ya ci shi, Kawu."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Allah Ya sani, tsare shi nake yi."

Muka bar musu guntun, muka kwana gidan Gwaggo a unguwar Nima. A motar dawowa ya ce in fito da littafina. Ya ba ni labarin fim ɗin daga farko, yana kwatantawa da hannu, ina rubutawa. Ya ce Bafaranshen bai damu da abin da ido ke gani ba, mafarki yake ɗauka.

Mun iso gida da la'asar. Na koyi cewa son abu bai isa ya tsare shi ba, sai an san abin da ke cutar da shi. Kawu ya bar Gana ranar Alhamis. Shafi huɗu na rubuta, kuma ba ni da wanda zan tambaya ko na yi kuskure.