Rabin Layin da Aka Ba Direba

A ɗakin wanki na otal ɗin, can ƙasa inda rana ba ta leƙowa, 'Yar Majalisa suke ce mata. Ba ta taɓa tsayawa takara ba, ko ƙuri'a ma rabonta da jefawa har ta manta. Littattafan da take karantawa lokacin hutun cin abinci ne suka jawo mata sunan, jibga-jibgan labarai na juyin mulki da yaƙe-yaƙe da sarakunan da aka tuɓe. Sauran mata su baje kwanukansu suna gulmar baƙin da ke sama, ita kuwa ta kife kwandon wanki ta zauna a kai, littafi a cinya, tana kai loma ba tare da ta duba abin da take ci ba.

"Ranki ya daɗe, yau wa aka hamɓarar?" in ji mai ninke zannuwa, wadda bakinta ba ya hutu.

"Ba a kai nan ba tukuna. Suna ta taro."

"To in an raba muƙamai ki tuna da mu."

Sai ta ɗan motsa baki, wai ita nan ta yi murmushi, ta juya shafi.

Guga ce aikinta. Zannuwan gado, rigunan matashin kai, fararen rigunan masu kai abinci, haka take bi da su tun safe cikin tururi da rurin injina. Bayan hannuwanta duk tabon ƙuna ne, kuma da za ka tambaye ta yaushe ta samu wannan ko wancan, ba za ta iya faɗa maka ba. Sau da yawa abokan aiki ne ke nuna mata cewa ta ƙone.

Wanda ya gan ta da littattafan nan zai ɗauka siyasa ce ta dame ta. Ko kusa. Janar ya yi jawabi ko ya fasa, shugaba ya tsere ko a kama shi, duk uwarsu ɗaya a wurinta. Marubutan nan kuwa, Allah ya shirye su, sai su ɓata shafuka a kan gashin bakin janar da yadda yake murza shi, sannan su kashe gari guda a layi ɗaya su wuce abinsu. Ita waɗanda ake wucewa take bi: mai gadin da ya buɗe ƙofa, kukun da ya kawo shayi ana tsakiyar ƙulla makirci, masinja, direba. Duk inda irin wannan mutum ya ɓullo, sai ta zaro farin zare daga yagaggen zanen gado ta sa a shafin, ta ci gaba da karatu tana jiran a dawo kansa a faɗi yadda ya ƙare. Ba a cika dawowa ba.

Tsohon da ke sayar da tsofaffin littattafai a bakin tashar mota, wanda take musanya a wurinsa, ya gaji da tsince zare. "Hajiya, kowa ya dawo min da littafi da maiƙo, ke kuma naki da furfura yake dawowa."

Ya san dalili, shi ya sa tsokanarsa ba ta wuce nan.

Mijinta direban wani minista ne. Mutum ne mai tsabtar tsiya, wanda kan goge mota har ya ga fuskarsa a jikinta kafin ya karya kumallo. Safiyar da aka kifar da gwamnatin wancan lokaci, ya fita kamar kullum, ya bar ta da jaririya a goye. Sojoji suka tare motar a kan gada. An samu gawar minista, an yi ta buga hotonsa, daga baya ma aka sa wa wani titi sunansa. An samu motar. Direba kuwa, ba shi ba labarinsa. Ta zaga asibitoci da ofisoshi har takalminta ya cinye, kowa ya ce ta dawo gobe. Daga ƙarshe danginsa suka yi zaman makoki ba gawa, suka watse.

Ba ta yi kuka ba, mutane suka ce tana da tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Wani abu ne ya mutu a cikinta, kamar yadda ƙafa ke mutuwa in an daɗe zaune a kanta, sai dai ita ƙafa takan farfaɗo. Ta nemi aiki, ta raini 'yarta, ta aurar da ita, duk da wannan mataccen abu a ƙirji. Abu ɗaya ne ya rage mata da za a kira buri: ta san abin da ya faru da shi a kan gadar nan, ko da daga bakin maƙaryaci ne.

Wata ranar da ta zo musanya, sai ta ga tsohon yana tura wani littafi ƙarƙashin tebur da gwiwa.

"Malam, me kake ɓoyewa?"

"Wannan ba naki ba ne, Hajiya. Ga wani can na yaƙin wata ƙasa mai nisa, sarakuna har sun yi yawa."

Ta miƙa hannu kawai ta tsaya. Ya yi ajiyar zuciya ya ɗauko. "An canza sunaye, amma kowa ya san ministan, kowa ya san gadar. Ni dai na faɗa miki, ƙage ne."

Ba ta tsallaka zuwa ƙarshe ba, ba halinta ba ne. Ta faro daga shafin farko, a kan kwandonta, da zarenta a shirye. Minista ya tashi a gidan talakawa, ya yi karatu, ya yi aure, ya yi jawabai masu tsawon gaske. Ko'ina yana cikin mota. Mota ta tsaya, mota ta tashi, an buɗe masa ƙofa, an rufe. Ka rantse motar ita ke tuƙa kanta. Mijinta ya yi shekaru yana kai mutumin nan yana dawo da shi, ya san maganin da yake sha da gidan da ba a so uwargida ta san ana zuwa, amma ta wuce rabin littafi ba ta samu inda za ta sa zare ko ɗaya ba. Ba ta ji haushi ba. Ta dai lura, kamar yadda take lura da tabon shayi a zane.

Ranar hutunta ta kai babin gadar. Tana zaune a tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, wanki na shanye a igiya, rediyon maƙwabta na ta surutu. Sojoji suka ɗaga hannu, mota ta tsaya. Sai ga shi, a tsakiyar dogon layin da ke bayanin yadda minista ya gyara zaman tabaransa:

"...direban kuwa tuni ya buɗe ƙofa ya ruga cikin gonaki, ba wanda ya bi ta kansa."

Shi ke nan. Sauran babin duk na minista ne, da kalaman da wai ya faɗa kafin a harbe shi.

A nan 'yarta ta same ta da la'asar, littafin a buɗe, yatsa a kan layin. 'Yar malamar makaranta ce, mai zafin zuciya, wadda ta tashi da hoton uba guda ɗaya rak, yana tsaye a bayan mota, daga ƙirji zuwa sama. Ta karɓi littafin ta karanta a tsaye, ta sake karantawa. Fuskarta ta canza.

"Umma, kin ga abin da mutumin nan ya yi? Matsoraci ya mai da shi. Wai ya gudu ya bar maigidansa. Ko suna bai ba shi ba, sai sharri." Ta buga yatsa a kan shafin. "Wallahi ba zan bari ba. Zan nemo shi duk inda yake, sai ya faɗa min wa ya gaya masa. In ba shi da hujja ya fito ya janye a gaban duniya."

"Zauna."

"Umma, ke ba ki ji komai ba?"

Uwar ta duba cikin ranta da gaske, don tambayar ta cancanci amsa. Ta tarar akwai wani abu, ɗan ƙarami, yana tsikarinta a inda ta daɗe ba ta ji motsi ba. Zafi ne, kuma ta yi mamakin yadda ba ta so ya tafi.

"Ba wanda ya gaya masa," in ji ta. "Bai taɓa ganin mahaifinki ba."

"Ta yaya kika sani?"

"Ɗingishi yake yi. Tun yana yaro ya faɗo daga bishiya, ƙafar ta ɗoru a karkace. Tuƙi dai ba wanda ya kai shi, amma gudu, ko na taku biyu. In ruwan sama ya tare mu a hanya, ni na ruga, shi sai dai ya iso a jiƙe yana dariya."

'Yar ta zauna a hankali a gefen tabarma. "Ba ki taɓa faɗa min ba."

"Ban taɓa faɗa miki komai ba. Ki yi haƙuri."

Wani ya wuce da keke a lungu yana buga ƙararrawa. 'Yar ta share ido da bakin mayafi, ta ce a sanyaye, "To ai hujja ke nan, Umma. Mutumin da ba ya iya gudu, ya gudu? Sai ya janye."

"In ya janye, ina zai mai da shi?"

Wuri ɗaya ne ya rage a mai da shi, cikin motar, a kan gada, su biyun duk sun sani.

Uwar ta karɓi littafin, ta sake duba layin, ta rufe a hankali.

"Tunda abin nan ya faru, ba wanda ya taɓa fitar min da shi daga motar nan sai wannan maƙaryacin. Kar ki je ko'ina. Ki bar shi ya yi ta gudu."