Mai Faci da Furen da Ke Sa Safa

An daɗe ana faɗa a layinmu cewa wai Mai Faci ya auri aljana ya ajiye ta cikin tsohuwar taya a bayan shagonsa, har ta haifa masa 'ya'ya arba'in, shi ya sa yake bin gidajen dangi yana roƙon tsofaffin safa. Ƙarya ce tsagwaronta. Wace aljana ce za ta yarda da mutumin da ko an wanke shi da ruwan rijiya uku warin roba yake? Maganar safa dai gaskiya ce, amma fure yake sa wa.

Yayanmu ne, ɗan yayar babanmu, ƙaton mutum, tafin hannunsa kamar faranti. Shekara talatin yana facin taya a bakin titi. Furen kuwa ciyawar daji ce, ruwan ɗorawa, ba a ci, ba a sayarwa, akuya ma sai ta rasa abin yi take kallonta. Da ita gefen gonar mahaifiyarsa ke cika duk ƙarshen damina. Bayan rasuwar tsohuwar aka mai da wajen tashar mota. Ranar da motar tona ƙasa ta iso, ya je da gudu ya tsinko busassun kawunan furen cikin hularsa. Abin da ya tsira da shi ke nan.

Shekarar farko da ya shuka su a bayan shagon, ya so ya kashe su da gata: taki, baƙar ƙasa, ruwa safe da yamma. Suka yi ganye kamar za su rufe shagon, fure bai fi biyar ba. Daga nan ya gane wahala suke so, tsakuwa da yashi da rana, ruwa kuwa sai na sama. Kuma shekara ɗaya ce rayuwarsu. In an rasa iri sau ɗaya, an rasa har abada. Shi ya sa da furen ya fara bushewa yake zura wa kowane kai safa ya ɗaure da zare, kada tsuntsu ko iska su riga shi.

Bara ciwon baya ya kwantar da shi mako biyu, daidai lokacin da matar ɗansa ba ta fi wata guda a gidan ba. Yarinya ce mai son a yaba mata. Ta zagaya bayan shago ta ga busassun kara sanye da safa masu datti, ta ce ashe haka aka bar Baba cikin ƙazanta. Ta cire safar ta wanke tas, ta tuge karan, ta share wajen har ana iya cin abinci a ƙasa. Sannan ta kai masa safar a ninke.

Mai Faci ya daɗe yana kallon su. Ya juya ɗaya, ya leƙa ciki, ko ƙwaya babu.

"Baba, ko ban wanke da kyau ba ne?"

"Sun yi fes, 'yata. Allah ya yi miki albarka." Ya ajiye safar a gefe. "Ina kika zubar da ruwan wankin?"

Ta nuna masa gindin katanga. Da sanda ya lallaɓa can, ya jera tayoyi huɗu ya kewaye wajen, ya kafa doka: ba shara, ba zuba ruwa, kada abin da ke ƙasa ya tsiro kafin lokacinsa. Da yarinyar ta ji labarin a bakin mijinta, ta yi kuka har idonta ya kumbura. Shi ya riƙa lallashinta, yana cewa ai ciyawa ce, alhali kullum kafin ya buɗe shago sai ya durƙusa ya leƙa busasshiyar ƙasar nan. Wata bakwai yana haka. Kaji ma sun san in sun doshi wajen sai sun ga ƙarfe a sama.

Kwana tara da ruwan farko, ita ta fara ganin su. Ta shigo shago da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Baba! Baba, bakwai ne!"

Ya bar motar wani a ɗage kan jak ya bi ta. Suka tsuguna su biyu suna kallon 'yan ganyen da ba su kai farce ba. Ya nuna mata yadda ake gane su daga sauran ciyawa, ya ce bana ita za ta ɗaura safar farko.

A nan wani ɗan kawunsa mai dogon baki ya same su.

"Yaya, duk wannan a kan ciyawar da ba ta tsinana wa kowa komai? Ni na ɗauka zinariya ce ta tsiro."

Mai Faci bai ko ɗago kai ba.

"Kai ma shekara arba'in muna ba ka ruwa, ko fure ɗaya ba ka yi ba, kuma ba mu tuge ka ba. Matsa, ka tare musu rana."