Kason Ungulu

Mu gidan mahauta ne, a wani ƙauye arewa da Baure, kuma har yau fawa nake yi. In na tuna yarinta, ƙamshin kitse a kan wuta ne yake fara zuwar mini. Duk ranar kasuwa, bayan sallar isha'i, kakarmu Iya Kande takan ɗora tukunya a murhun tsakar gida ta narka kitsen da ya yi kwantai, mu jikoki mu kewaye ta muna jiran abin da zai rage a gindin tukunya. A shekarun nan ne aka fara shari'a a jiharmu, kiɗan dandali ya ja baya, yara suka rasa wurin zuwa, sai kasuwar tatsuniyar Iya ta buɗe. Har 'ya'yan maƙwabta sukan zo, ita kuwa ta yi ta mita wai kwaɗayi ne ya kawo su, ba jin magana ba.

Gidanmu yana da wata al'ada da muka tarar. Bayan mahautar kasuwa akwai tsohuwar tsamiya, a gindinta kuma wani gungume da kakanninmu suka sara nama a kansa. Kafin a sayar da ko tsoka ɗaya, sai an ware tarkacen hanji da abin da ba ya sayuwa an zuba a nan, sannan a bugi gungumen da bayan wuƙa sau uku. Kafin ka juya ungulaye sun fara sauka. Sun san bugun nan kamar yadda kaji suka san ƙarar tsaba. Kason ungulu ake ce masa, kuma a bakin Iya muka ji mafarinsa.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata wuri," in ji ta, tana juya ludayi.

Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wai a da babu tsuntsun da ya kai ungulu gashin kai, har gauraka yana jin haushinta. Wata shekara annoba ta faɗa wa dabbobin wani gari. Mushe ko'ina, wari ya hana kowa cin tuwo, har mutane suka fara faɗuwa. Sarkin fawan garin ya shiga daji yana roƙon tsuntsaye. Shaho ya ce shi mai rai yake ci. Balbela ta ce farar rigarta za ta ɓaci. Ungulu ce kaɗai ta ce a je. Kwana arba'in tana cusa kai cikin ruɓa har gari ya yi tsaf, gashin kanta kuwa ya zube tas. Sarkin fawa ya ce ta faɗi ladanta. Ta ce abu biyu take so: a bar mata tsamiyarta, kuma duk ranar da aka kira ta, kada a cuce ta.

Ni ne mai katsalandan kullum. Na ce, "To in an cuce ta fa, Iya?"

"Kai dai angon nan nawa akwai bakin tsiya," in ji ta, ta dungure mini kai. "Cewa ta yi ba za ta yi wa kowa baki ba. Tafiya kawai za ta yi. Ran nan za ku san mai yi muku shara. Ƙurunƙus, ta ɗaga sama, ku ma ku ɗaga mini."

Dariya muke yi. Ina za ta je? A lokacin ungulayen kasuwarmu sun fi kajin garin yawa.

Ina da shekara ashirin Baba ya sakar mini wuƙa, bugun gungume ya dawo hannuna. A shekarar ne wani baƙo ya riƙa zuwa kasuwa yana shawagi a gindin tsamiya. Kan ungulu yake nema, wai bokayen wasu birane ke saye. Ya gwada tarko, ya gwada danƙo, bai samu komai ba, don ungulu ba ta sakin jiki da wanda ba ta sani ba. Da ya ga yadda suke sauka mini, sai ya ja ni gefe ya ba ni ƙullin maganin ƙwarin gona, ya yi mini alkawarin waya mai hoto. Ba zan ce ya yaudare ni ba. Ni na ce wa kaina, tsuntsuwar da ba a ci, ba a yankawa, me ta tsinana wa kowa?

Na barbaɗa maganin a kan hanjin, na buga sau uku. Suka zo. Har da wata tsohuwa mai karyayyen yatsa da muke kira Gurguwa, wadda takan matso dab da ƙafata. Ba su ko yi nisa ba. Sai tangaɗi, sai wuya a ƙasa, sai shure-shure. Waɗanda suka samu hawa tsamiya suka yi ta faɗowa ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Goma sha tara na ƙirga kafin na daina ƙirgawa. Baƙon ya cika buhunsa ya hau mota.

Lokacin Iya ta makance, a zaure take yini, kuma zaurenmu yana kallon kasuwa. Ina shiga ta ce, "Sabi'u, na ji bugu, na ji saukarsu, ban ji tashinsu ba."

Na sa kai zan wuce ciki, ta tsayar da ni.

"Kai ka buga?"

"Ni ne, Iya."

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga. Daga ranar ba ta sake ce mini angona ba, kuma ba ta ga ƙarshen daminar shekarar ba.

Ba ni kaɗai na yi ba. Abin da ya faru a kasuwarmu ya faru a wasu kasuwannin, masu gawayi kuma suka bi dogayen itatuwan da ungulaye ke sheƙa a kai suka kwantar. Cikin 'yan shekaru sama ta zama wayam. Jakin da ya mutu, wanda a da kafin azahar ya koma ƙashi, sai ya yi mako yana kumbura a bakin hanya. Karnukan da ba su da iyayen giji suka gaje bayan mahauta, suka hayayyafa. Ɗaya daga cikinsu ne ya ciji Hassana, 'yar yayana mai shekara shida, a ƙauri. Ciwon bai kai komai ba, aka wanke aka ɗaure. Bayan 'yan makonni ta fara firgita in ta ga ruwa, ashe mahaukacin kare ne. Ni na ɗauke ta zuwa maƙabarta, ba ta da nauyi ko kaɗan.

Liman ya ce mini rai na Allah ne, kuma na yarda. Amma shi ɗin ne ya ce duk ran da aka ɗauka a banza, ko na tsuntsu ne, zai kai ƙara gobe kiyama. Tsoron wannan ƙarar bai bar ni ba har yau.

Yanzu duk kasuwar da na ci, daga Babban Mutum har Daura, nakan zauna da sarakunan fawa da mafarauta in ba su labarin nan, in roƙe su kada su bar mai buhu ya raɓi mahautarsu. Wasu su saurara, wasu su ce ga Sarkin Ungulu ya iso. Na sha cacar baki da masu gawayi kafin mai gari ya hana taɓa tsamiyarmu. Kason ma ban fasa ba: in zuba, in buga, in tsaya da sanda ina korar karnuka.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Iya labarin sanƙon ungulu ce. Ashe labarin mai kiran ne, da amanar da ke hannunsa.

Bara, kwana biyu bayan babbar Sallah, na ɗaga kai na ga ungulu guda ɗaya can ƙololuwa tana kewaya tsamiya. Nan da nan na zuba kaso mai kyau, har da hanta. Na buga sau uku. Na sake bugawa, na yi ta bugawa har hannuna ya sage. Ta kewaya, ta sake kewayawa, sannan ta miƙe arewa wajen Nijar. Abokan sana'ata suka ce ai baƙuwa ce, ba ta san bugun ba. Ni dai na san ta san shi. Abin da ya hana ta sauka ke nan.