Fensirin Baba Safiyo

Ku da kuka san Baba Safiyo kun san ba ya amsa gaisuwa sai ya tambayi lamba. Ka ce, "Baba, ina kwana?" Sai ya zaro guntun fensirin nan daga bayan kunne, ya lasa bakinsa, ya ce, "Nawa ka buga jiya?" Har a zaman makoki na ji ya yi wa mutum wannan tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, saboda ladabi.

Saboda iyalansa, da har yau suke cewa ya tafi "wurin ƙwallon nan", bari in yi bayani. Tsohon ma'aikacin safiyo ne. Da ya yi ritaya, sai ɗan kulob ɗinmu na golf a nan Birnin Kebbi ya damƙa masa handikaf. Shi rangwame yake ce masa. A golf, wanda ya zaga ramuka da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. To, don mai rauni ya iya karawa da gwani, ana yafe masa wasu bugu. Mai rauni rangwamensa babba, gwani ƙarami. Shi ya sa a filinmu kowa gwani ne a baki, amma gaban Baba kowa gurgu.

Ni Sani, aikina share yashin bakin ramuka. Shekara goma ina yi. Da wata tsohuwar sanda da aka yar na koya wa kaina bugu, da sassafe kafin manya su iso. Burina ɗaya ne: in shiga gasar shekara ko sau ɗaya. Sai dai ba a shiga sai da rangwame, rangwame kuma sai ka kawo kati uku da ka rubuta bugunka, ka sa hannu. Ni kuwa ko alif ban sani ba a boko.

Na ce, "Baba, ba a dangwalawa?"

Ya ce, "Doka ta ce sa hannu. Ba ta ce sa yatsa ba."

"Ai yatsa a hannu yake, Baba."

"Ƙafa ma a jiki take. Ka taɓa ganin an buga da ita?"

Na koma ga tsintsiyata.

Kada ku ce don ni talaka ne. Kun tuna Alhaji Ladan, wanda ya yi babban sakatare? Gasa saura wata ɗaya, sai wasansa ya lalace. Kullum ƙwallonsa a gonar albasar da ke gefen rami na biyar. Ya kawo katunan, fuska a marairaice, yana jiran ƙari. Baba ya duba, ya duba, ya rage masa biyu.

"Haba Safiyo! Ragewa? Ba ka ga yadda na lalace ba?"

"Na gani, ranka shi daɗe. Sau huɗu ƙwallonka na sauka kunya guda, gindin albasa guda. Wanga irin saiti, ai sai gwani."

Kansa ma bai bari ba. Lokacin da gwiwa ta kama shi, yana jan ƙafa daga rami zuwa rami, mutane suka ji tausayi, suka ce ya ƙara wa kansa uku. Ya ce zai kai maganar gaban kwamiti. Bayan mako guda muka tambaye shi.

"Kwamiti ya zamna, ya ƙi."

"Su wa ke cikin kwamitin, Baba?"

"Ni. Kuma ban ji daɗin yadda mai ƙara ya yi magana ba."

Ni dai ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gwadangaji, bayan la'asar. 'Yata ta fari ita ke duba mini aikin gida, tana girgiza kai. Wata takwas na yi kafin in rubuta Sani Muhammadu ba tare da na tsaya hutawa ba. Na kai wa Baba katin farko. Ya ɗora ma'auninsa na safiyo a kai. Wallahi ma'auni!

"Sunanka ya hita layi. Ƙwallon da ta hita fili, mi ake mata?"

"Sake bugawa, Baba."

"To."

Na sake. Kati na uku a gidansa na Gesse na kai masa, don a lokacin ciwo ya kwantar da shi. Sabon shiga ana ba shi ashirin da huɗu, kowa ya san haka. Baba ya laluba bayan kunne, ya rubuta goma sha takwas.

Na ce, "Baba, ni fa sabo ne."

"Sabo? Shekara goma kana bugu da sassahe, ina cikin mota ina ƙirgawa. Kana tsammanin hantsi nika jira?"

Bai kai ranar gasa ba, Allah ya yi masa rasuwa. Na shiga, na zo na biyu, da bambancin bugu ɗaya tak. Alhaji Ladan ne ya ci. Da Baba ya ba ni ko da goma sha tara ne, da mun yi kunnen doki. Na faɗa wa kaina wannan magana ya fi sau ɗari a hanyar gida.

Washegari babban ɗansa ya zo fili da ambulan, sunana a baya. Ya ce, "Malam Sani, in karanta maka?" Na ce a'a, ya bari.

Na zauna bakin rami na biyar, na zaro wasiƙar Baba, na bi ta da yatsa, baƙi bayan baƙi. Da fensir ce. "In Sani ya ci, a rage masa biyu. In bai ci ba, a rage masa ɗaya, don na san ya kusa. Rubutunsa ya gyaru."

Ita ce wasiƙa ta farko da wani ya taɓa rubuto mini a duniya, kuma ragi ne a ciki. Na kai wa sabon kwamiti da hannuna. Yanzu goma sha bakwai nake.

Allah ya jiƙan Baba. Bai taɓa ƙara wa kowa abin da ba nasa ba, bai kuma tauye kowa ba. Ya Allah, ranar da za a duba nasa katin, kada ka ɗora masa ma'auni. Ka yi masa rangwame mai yawa, ko da zai ce doka ba ta yarda ba. Amin.