Azarar Baba

A shekarun da kuɗin man fetur suka shigo, ina aiki a wani gida a Nassarawa GRA da aka mayar ofishin zanen gine-gine. Ni ba injiniya ba ne. Firamare kawai na gama, amma hannuna yana da tsabta, shi ya sa aka ɗauke ni ina kwafe zanen da maigidana ya yi. A ƙauyenmu kuwa injiniya suke ce mini, ban taɓa gyara musu ba.

Wata rana aka kawo mana aikin sabon ɗakin karɓar baƙi na wani gandun namun daji. Za a rushe tsohon, a yi na siminti da gilashi, har da na'urar sanyaya ɗaki. Kuɗin da aka ware masa sun isa a gina rabin unguwa. Da na ga hoton tsohon sai na gane shi nan take. Soro ne na ƙasa, mahaifina ya gina shi tun ina goye. Magini ne, kuma duk cikin ayyukansa babu wanda yake yawan ambato kamar wannan.

Ana cikin haka Baba ya zo Kano ganin likitan ido, ya sauka a ɗakina na bayan gida. Na shimfiɗa masa zanen a kan tabarma don in burge shi. Ya daɗe yana kallo.

"Duk wannan gilashin a dajin can? Ai sai baƙin su dahu," in ji shi yana dariya. "To, ina nawa soron?"

Na ce masa rushe shi za a yi.

"Ba komai, ɗan nan. Ƙasa ce, dama wata rana za ta kwanta. Amma azarar rufin, da kaina na zaɓi giginyarta. Ka ce a cire mini ko guda ɗaya."

Na ce an gama. Sai dai ban faɗa wa maigidana ba. Kullum in na buɗe baki sai kunya ta kama ni, kada ya san ɗan mai kwaɓa ƙasa ne ke zaune a ofishinsa. Ina ta gobe, gobe, har katafila ta shiga ta baje komai.

Bayan damina na sayi wata tsohuwar azara a kasuwa, wadda hayaƙi ya dafa, na ɗora a mota na kai ƙauye. Na ce masa, "Baba, ga ta soronka."

Lokacin idonsa ya kusa rufewa. Ya sa aka ɗora masa ita a cinya, ya bi ta da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan. A ƙarshenta ya tsaya, babban yatsansa yana laluben wani abu. Sai a lokacin na tuna cewa kowace azararsa yana yi mata tsaga uku da gizago.

Ya sake shafawa. Can ya ce, "Wannan ma mai kyau ce. Ka sha ɗawainiya, Allah ya yi maka albarka."

Ya sa aka jingine ta kusa da buzun sallarsa. Duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya ce, "Ɗana ne ya kawo mini daga Kano." Bai taɓa cewa ta soron ce ba, bai kuma taɓa tambayata ba. Ni ma ban iya faɗa masa gaskiya ba har ya rasu.

Tana ɗakina yanzu. Nakan shafa ƙarshenta in ji santsi, daidai inda yatsansa ya tsaya.