Baba Linzami da Idon Baduku

Da hantsi yake buɗe shago, ya share tebur da tsohon burushi, ya jona ƙarfen soda na liƙe waya, ya zauna jiran ya yi zafi. Da gyaran rediyo da tocila ya ci ya sha tun ƙuruciya. Amma abin da ya jawo masa suna Baba Linzami shi ne ƙwayar leza mai fitar da siririn haske mai ƙuna, wadda masu ƙiriniya ke cirowa daga matacciyar na'urar faifai su cusa a gidan tocila.

Jama'a sun daɗe suna mamakin halinsa. Ka kawo masa ƙwayar, ko kallonta ba zai yi ba, sai ya tambayi 'yar na'urar da za ta riƙa auna mata wuta. In ka ce batir kawai za ka haɗa, ya ce, "Wannan ƙwayar ba ta san ƙoshi ba. Ta sha wuta ta yi zafi, ta yi zafi ta ƙara sha, har ta ƙone. Doki ce, sai da linzami." Kowane linzami kuwa, wato 'yar na'urar nan, sai ya fara gwada shi ba tare da ƙwayar ba, idonsa a kan mitar awon wuta.

Ƙanin matarsa baduku ne. Wata rana ya zo da ƙwaya da wani linzamin kasuwa, yana son abin da zai riƙa zana ado a fata. Baba ya gwada, ya ga an kashe makunni amma wuta tana nan ba ta ɗauke nan take ba. Ya rufe shago, ya bi mutumin zuwa rumfarsa, ya zauna yana kallon aikinsa.

"Yaya, dukanci za ka koya da tsufanka?" in ji baduku.

"Ɗinka dai. Hannunka nake kallo."

Me ya gani? Duk kayan aikin da baduku ya taɓa, basilla ko wuƙa, sai ya ɗago shi saitin ido ya hure bakinsa. Bai ma san yana yi ba. Baba ya jefar da linzamin kasuwa, ya zaɓo wanda ke riƙe wuta ƙasa-ƙasa, ya sa madannin da in ka saki, haske ya mutu a take. Ya haɗa masa da tabarau mai tare launin hasken. Baduku ya yi ta mita wai an mai da masa doki jaki.

Maƙwabtan rumfa ne shaida. Ran nan baduku yana zane ya cire tabarau zai share gumi, hayaƙin fata ya taso, sai hannu ya yi abin da ya saba. Ya ɗago abin zanen har gaban idonsa, ya hura. Duhu ya gani a ciki, don babban yatsa ya riga ya saki madanni.

Baba, kai ne mai auna wuta, har ka auna mai riƙe ta. Yanzu hannu ya fara rawa, ka ce za ka huta. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa a wannan sana'a, ku yi koyi da shi, ku san hannun da za ku miƙa wa haske.

Baduku kuwa har yau da kansa yake zura zare a allura.