Daɓen Garejin Kalgo

Na dawo gida Gwandu daga Gusau a cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin. Ba na iya tuna shekarar daidai, amma dai Turawa suna nan ba su tafi ba. Na dawo da maiɗakina da 'ya'ya biyu ƙanana, da akwatin ƙarfe cike da sifanu, da jak guda wanda nake ji da shi kamar doki. A can na yi karen mota, na yi direba, daga baya na zauna ƙarƙashin wani makaniki har hannuna ya faɗa. Abin da ban lissafa ba kafin in taso shi ne, Gwandu a lokacin ba garin mota ba ne. Sai a daɗe ba a ji ƙugin inji ba. Na yi damina guda ina noman gero da 'yan'uwana a gonarmu ta hanyar Malisa, sifanuna suna tsatsa a ƙarƙashin gado.

Bayan girbi aka yi suna a gidanmu, Goggo ta zo daga Kalgo. Ƙanwar mahaifina ce, mijinta ya rasu da daɗewa, tana riƙe da kanta da gumin shinkafa. Mace ce gajeriya mai kaifin baki, ko mahaifina yana shakkarta. Ta same ni a zaure ina gyara wa wani maƙwabci fitilar ƙwai, ta tsaya ta dube ni.

"Wanga shi ne aikin da ka je Gusau koyo?"

Na ce, "Goggo, abin da ya samu ke nan."

Ta ce, "Garejin mai gidana na nan, awaki ka kwana ciki. Mota kuwa kullum sai ta ratsa Kalgo, daga Birnin Kabi zuwa Jega, wata ta mutu bakin hanya a yi ta jiran makaniki daga nesa. In kana iyawa ka taho ka gani. In ba ka iyawa ka ci gaba da fitila."

Na je. Garejin yana bakin hanya, gab da wani babban durumi. Mijin Goggo ya gina shi ne lokacin da fatauci ya karɓe shi har ya sayi babbar mota, ita ce ma ta farko da wani ɗan garin ya mallaka, in ji Goggo. Motar ba ta daɗe ba aka sayar, shi ma bai daɗe bayanta ba. Bangon na tubali ne, ya zaizaye amma yana tsaye. Kwanon rufi rabi iska ta kwashe. A tsakiya akwai ramin da makaniki ke shiga ya duba cikin mota, ya cika da kashin awaki da karmami. Duk wannan bai tayar mini da hankali ba. Daɓen ne ya dame ni. Siminti ne aka zuba masa, amma ya dare tun daga ƙofa har bangon baya, tsagar ta yi rassa, wani gefen ya tashi sama wani ya nutse. Na zura sandar gora a wata tsaga, ta shige har rabi ba ta taɓa komai ba. Wanda duk ya taɓa kwanciya ƙarƙashin mota ya san abin da wannan ke nufi. In ka kafa jak a kan irin wannan ƙasa ka ɗaga mota, ranka ka ba ta aro.

Na fara da abin da na iya. Na kwashe shara, na kori awaki, na sayo azara aka sauya waɗanda gara ta ci, na tattara kwanon da ya rage na rufe wurin da ramin yake, sauran na sa zana kafin hali ya yi. Sannan na ɗauki diga na hau fasa daɓen. Wani birkila dattijo da ya taɓa aikin gini a Birnin Kabi ya yarda ya kama mini. Da muka ɗaga manyan ɓaraguzan sai muka ga abin da ya kashe daɓen. Saiwar durumin nan ce, kaurinta ya kai cinyar mutum, ta kutsa ta ƙarƙashin bango ta miƙe har bakin rami. Gefenta kuma gara ta yi gida, ta cinye ƙasar ta bar kogo.

Birkila ya ce a sare durumin kawai a huta. Ni ma haka na gani. Da yamma na gaya wa Goggo, tana tsaye kan tukunyar gumi, ko juyowa ba ta yi ba.

"Mai gidana shi ya dasa shi da hannunai, ranar da anka aza harsashin garejin. Ba a sare shi ina da rai."

"Goggo, in an bar shi zai sake fasa daɓen."

"Saiwa guda ta yi maka laihi, ba itacen duka ba. Kuma direban da ka gyara wa mota, ina kaka so shi zauna? Cikin rana?"

Na kwana ina jin haushi, amma da safe na ga maganarta a kan hanya take. Muka haƙa dogon rami tsakanin durumin da bango, mai zurfi har ƙirjina, muka datse saiwar da gatari, muka cika ramin da duwatsu. Gidan gara muka tone har muka kai ga uwar, muka ƙona wurin da ƙaiƙayi, muka zuba baƙin mai. Kogon muka cike da marmara da ɓaraguzan tsohon simintin, muna zubawa kaɗan-kaɗan muna yayyafa ruwa muna kirɓawa da guntun gungume. Wannan aikin shi ya fi cin rai, domin ba a ganinsa. Mutane su wuce su leƙo su ce har yanzu ba a fara ba. Hannuna ya yi kanta a kan kanta. Yashi kuwa daga bakin gulbi aka riƙa kawo mana a kan jakuna, wani Bafillace daga Dangoma mai jakuna uku ya ɗauki wannan, ya ce ladansa, in na buɗe, in riƙa yi masa waldar... sai ya tsaya, don bai san me zai kawo mini ba. Muka yi dariya, ya ce to in riƙa ba shi inuwa ranar kasuwa.

Sai maganar siminti. A lokacin ba abu ne da za ka shiga kasuwa ka saya ba, sai an yi sautu daga Sakkwato. Na ba wani direba da na sani sautu, na sayar da kekena na haɗa. Da kayan suka iso, buhu biyu sun sha ruwa a hanya sun daskare sun zama dutse. Abin da ya rage birkila ya auna da ido, ya auna daɓen da ƙafa, ya ce ko rabi ba zai rufe ba, sai dai a yi shi siriri. Na ce siriri shi ne abin da aka yi da farko. Na zauna a kan akwatin sifanu. Rani yana tafiya, in damina ta same ni da buɗaɗɗiyar ƙasa duk wahalar ta tashi a banza.

A nan Goggo ta same ni, ta kawo mini fura. Na gaya mata. Ta zaga wurin tana taka ƙasar da diddige.

"Motar duk ɗakin taka takawa?"

Na ce a'a, inda tayoyi ke bi ne kawai, da inda ake kafa jak, da bakin rami.

"To zuba simintinka nan, ka yi shi da kauri yadda kaka so. Sauran ka bar muna. Mu da munka yi daɓen ɗakunan garin ga tun ba a haihe ka ba."

Daɓen mata na sani, a kansa na yi rarrafe, amma ban taɓa ganin an yi shi a gareji ba, kuma na ji tsoron direbobi su mayar da ni abin dariya daga nan har Jega. Birkila ya ce shi bai ga aibu ba, ƙasar da muka kirɓa ta riga ta yi ƙarfi, abin da ake so a sama kawai kada ta yi ƙura kada ta sha mai. Na yarda, ba don raina ya kwanta ba.

Muka zuba siminti layi biyu masu faɗi daga ƙofa zuwa ƙarshen rami, muka ɗaure bakin ramin, muka yi dandamali a gefe inda za a riƙa sauke inji. Kaurin ya kai tsawon tafin hannu, da tsakuwa a ciki. Na rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, safe da yamma ina ɗebo ruwa a garwa ina shayar da shi. Duk da tsaron da na yi sai da wata kaza ta shiga ta bar sawunta a dandamalin. Birkila ya so ya shafe, na ce ya bar mata.

Da ranar daɓe ta matso na aika Gwandu maiɗakina ta zo. Goggo ta riga ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a manyan tukwane har ruwan ya yi ja ya yi kauri. Da hantsi mata suka cika garejin, tsofaffi da matasa, kowace da madaɓinta na itace. Aka kore mu maza waje, muka zauna gindin durumi. Suka baza tsakuwa da jar ƙasa, suka yayyafa ruwa, suka durƙusa a jere suka fara bugu. Da farko kowa da nata, can sai bugun ya haɗu ya zama ɗaya, wata ta ɗauko waƙa sauran suna amsawa. Ina jin ƙasa tana motsi a ƙarƙashina daga inda nake zaune. A cikin waƙar har da ni, ana yi mini ba'a, wai namiji ya je birni ya koyo ƙarfe ya dawo yana neman mata su yi masa ƙasa. Mazan da ke gefena suka yi ta dariya, ni ma na yi. Na hango maiɗakina ta ƙofa, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu, gumi na zuba, tana bugu kamar a garinsu take.

Ba rana ɗaya suka yi ba. Suka riƙa dawowa suna shafa makuba suna sake bugu, har daɓen ya yi baƙi-baƙi da ja, yana sheƙi, ya manne da simintin ba ka iya zura ko tsinke a tsakaninsu. Na ɗauki guduma na sake ta daga tsayin kafaɗa. Ta yi tsalle, ba ta bar ko alama ba.

Motar farko ba ta daɗe ba ta zo. Babbar mota ce ɗauke da buhunan shinkafa da busasshen kifi, za ta Jega, sifirin ɗin baya, ƙarfen da ke riƙe nauyin kaya, ya karye kusa da gari, ta rarrafo a karkace. Direban ƙato ne, ya girme ni, ya san garejin tun yana kango. Ya tsaya a ƙofa ya leƙa.

"Malam, wanga rabi siminti rabi ɗakin amarya, shi za ni hau da kaya?"

Na ce, "Shigo da ita, ka bi layin nan. Kada ka sauke ko buhu ɗaya."

"In ta nutse fa?"

"In ta nutse ni ke ƙarƙashi, ba kai ba."

Ya shiga a hankali, ina gabansa ina yi masa nuni da hannu. Mutane sun taru, har da wasu daga cikin matan, sun tsaya nesa da lulluɓi. Na kafa jak, na fara ɗagawa, ina kallon simintin ba motar ba. Taya ta bar ƙasa. Na tsaya na saurara, domin siminti in zai dare yakan yi ƙara tukuna. Ban ji komai ba sai kukan jak. Na sa gungume na tokare, na shige ƙarƙashi da sifana. Ina kwance a wurin, ƙamshin makuba da na baƙin mai suna haɗuwa a hancina, na ji wani abu ya cika mini ƙirji wanda ban ji ba ko ranar da aka fara ba ni sitiyari. Na yi ta aiki ina murmushi ni kaɗai, babu mai ganina.

Kafin la'asar na ɗaure sifirin, na sauke motar. Direban ya durƙusa ya shafa inda jak ya zauna, ya miƙe ya taka daɓen matan da takalminsa, ya ce, "Wa ya yi maka wanga?" Na nuna masa Goggo. Ya je har gabanta ya rusuna ya gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ta ce in ya je Jega ya gaya wa 'yan'uwansa akwai makaniki a Kalgo.

Ya gaya musu kuwa. Kafin ruwan farko ya sauka na sami abin da na ƙarasa rufin da kwano. Damina ta zo da ƙarfi a shekarar, fadama ta cika har ta taɓo bayan gari, hanya ta lalace, motoci suka yi ta karyewa, wani lokaci biyu suna jira a waje ɗaya na ciki. Kullum da safe kafin in taɓa ƙarfe sai na zaga daɓen ina duba ko ya yi tsaga. Bai yi ba. Inda mai ya zuba a kan makuba sai ya ƙara masa duhu, a share da tsumma ya wuce.

Da kaka na kama gida a Kalgo, na je Gwandu na kwaso iyalina. Mahaifina ya rako mu har bakin gari, ya sa mana albarka, ya ba ni damin gero biyu ya ce in kai wa ƙanwarsa. Na ɗora su a kan kayanmu muka kama hanya.